Gidan dutse mai shekara kusan 700: ina tsufansa yake?

Tambaya:

Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a Exeter, kudu maso yammacin Ingila. Kwanan baya aka kai mu ziyara wani tsohon gidan gona na dutse a tuddan Dartmoor, ana kiransa Higher Uppacott. Jagoranmu ya ce gidan na ƙarni na 14 ne. Amma da muka shiga sai ya yi ta cewa murhun nan daga baya aka gina shi, benen nan daga baya aka ɗora, tagogin ma ba na asali ba ne. Ni ɗan magini ne, a Zariya na tashi, kuma abin ya tsaya min a rai. In kusan duk abin da ido ke gani ƙari ne, da wace hujja za a ce gidan ya kusa shekara 700? Ta yaya ma aka san abin da ya riga wani? Kuma me ya hana a cire ƙare-ƙaren nan a mayar da gidan yadda yake tun farko?

Amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya ba da sa'ar karatu, ya ƙara wa Baba lafiya. Tambayar ɗan magini ce wannan, domin wanda bai tashi cikin kwaɓa ƙasa ba zai kalli gidan ne kawai ya ce ya yi kyau, ya ɗauki hoto ya wuce.

Jagoranku bai yi muku ƙarin gishiri ba. Shekarun da ya faɗa na abu biyu ne: shimfiɗar gidan a ƙasa, da rufinsa. Idon baƙo yakan sauka ne kan abin da ke daidai tsayinsa, wato ƙofa da taga da murhu da matakala, kuma su ne abubuwan da kowane magidanci ya fi saurin sauyawa da zarar ya sami sarari. Abin da ba a cika taɓawa ba shi ne abin da ke can sama cikin duhu, inda ba wanda ke hawa sai mai baibaya. A irin waɗannan gidaje, can tsufan yake.

Sai ka san yadda gidan ya fara kafin ka gane abin da aka yi masa. Dartmoor tudu ne na dutsen giranit, mai iska da hazo. A wuraren da suka fi tsayi ruwan saman da ke sauka a shekara yakan kai milimita 2,000, fiye da ninkin na Kano. Manomin wurin a ƙarni na 14 ba ya iya barin shanunsa a fili cikin hunturu. Sai ya gina ɗaki guda dogo, ya kwantar da tsawonsa ya bi gangara, kai a tudu, ƙafa a kwari. Mutane a sashen tudu, shanu a sashen gangare, duk ƙarƙashin rufi ɗaya. Tsakaninsu akwai wani lungu da ya ratsa gidan daga gaba zuwa baya, da ƙofa a kowane baki, kuma a farkon lamari ta nan mutum da saniya suke shiga, ɗaya ya yi hagu ɗaya ya yi dama. Turawa na kiran irin wannan gini longhouse, wato dogon gida, sashen shanun kuma mutanen Devon, gundumar da Dartmoor da Exeter ke ciki, na ce masa shippon.

Gangarar ba ado ba ce. In ka tuna, a tsakiyar ɗakin shanun akwai magudana da aka jera da dutse, ta miƙe ta fita ta ƙasan bangon ƙarshe. Shanu na tsaye layi biyu, kawunansu na fuskantar bango, gindinsu na wajen magudanar, don haka fitsari da ruwan kashi suna gangarawa waje, ba sa komowa inda ake kwana. A irin waɗannan ɗakuna za ka ga duwatsu masu huda a gindin bango, inda ake kafa turaku, da 'yan siraran tagogi kamar tsaga don shan iska, da wata kafa a bangon ƙarshe da ake watso taki ta ciki. Wannan tsari ba ya gyaruwa da sauƙi. Kana iya toshe ƙofa, kana iya fasa taga, amma ba ka iya juya gida daga kan gangararsa. Shi ya sa shimfiɗar ta zama shaida ta farko.

Shaida ta biyu ita ce kunkunniya, kuma ita na fi so mu daɗe a kai.

Gidan farko ba shi da bene, ba shi da bututun hayaƙi. Daga daɓe har ƙololuwar jinka fili ne. A tsakiyar ɗakin zama ake hura wuta a kan dutse, hayaƙi ya tashi ya taru a sama, ya riƙa sulalewa ta cikin baibaya. Kai da ka san madafin kakarka a ƙauye ka san abin da shekara goma ke yi wa rufin ɗaki. To, a nan ana maganar shekara ɗari ko ɗari biyu na wutar da kusan ba ta mutuwa. Kunkunniyar takan kama katako da ƙasan baibaya ta yi ɓawo, baƙi wuluk, wani wuri da ƙyalli kamar kwalta, wani wuri da laushi kamar karan-miski. In ka haska tocila za ka ga kowane sili na kara a sarari, da igiyar da aka ɗaure shi da ita, duk sun rine. Wanke ba ya fitar da ita, fenti kuma ba ya kwaikwayonta.

Za ka ce ai ciyawa ba ta shekara 600. Gaskiya ne, in tana waje. Amma mai baibaya a Devon ba ya yaye rufi duka in ya zo gyara. Saman da ya ruɓe kaɗai yake kankarewa, ya shimfiɗa sabon kara a kai, ya soke shi da tsinken itace mai baki biyu ya kama na ƙasa. Haka ake yi zuriya bayan zuriya, har kaurin baibayar wasu gidaje ya haura mita ɗaya. Shimfiɗar farko tana can ƙasa a bushe, hayaƙi ya ƙyafe ta kamar kifi, ƙwari ba sa sonta. Masu bincike sun zaro samfuri daga irin wannan baibaya sun tarar da karan alkama da na wani hatsin ƙasashen sanyi da ake kira rai, har da zangarniya da ciyayin da suka tsiro tare da su a gona. Wato amfanin gonar wata damina ta zamanin da yana rataye a saman kan mutane har yau. Babu gundumar da ta kai Devon yawan irin wannan baibaya a Ingila, kuma Higher Uppacott na cikin gidajen da suke da ita.

Da kunkunniyar nan ake warware tambayarka ta wa ya riga wa. A ce ka leƙa cikin rufi ka ga baƙi ya mamaye shi tun daga wannan ƙarshe har wancan, har saman ɗakin shanu. Wannan ya nuna cewa da farko babu bangon ciki da ya kai sama, sai dai shamaki na katako da bai wuce tsayin mutum da kaɗan ba, hayaƙi na yawo ta kansa. Sai kuma ka ga wani bango a cikin rufin, fuskarsa ɗaya baƙa, ɗayar fara tas. Me ya faru? An gina shi ne lokacin da wutar tsakar ɗaki ke ci har yanzu, don a killace ɗakin kwana a sama. Gefen da ke kallon wuta ya sha hayaƙi, na ɗakin kwana ya tsira. In katakon rufin da ke saman wannan ɗakin kwana baƙi ne shi ma, to ɗakin ƙari ne, rufin ya girme shi. Bututun hayaƙi kuwa, in ka bi shi da ido za ka ga inda aka yanke baƙin katako don a ba shi hanya, kuma duk abin da aka sa bayansa ba ya da ɗigon baƙi. Ba a bukatar takarda kafin a karanta wannan. Magini irin Baba zai gane shi cikin awa ɗaya.

Ga yadda sauyin ya saba tafiya a gidajen yankin, ko da yake kowane gida da nasa taki. Da farko akan ɗora bene a kan ɗan ɗakin da ke can ƙuryar tudu, sau da yawa a bar bakin benen ya ɗan leƙo cikin ɗakin zama don a ƙara faɗi. Daga nan, a ƙarni na 16 ko na 17, sai a gina babban murhu na giranit da bututunsa, galibi a jingina bayansa da lungun shiga. Da hayaƙi ya sami hanya, filin da ke sama ya zama asara, sai a shimfiɗa bene a kan ɗakin zaman ma. Bene na bukatar matakala, sai a fasa bango a gina mata ɗan gurbi mai murɗawa. Ɗakunan sama na bukatar haske da tsayi, sai a ɗaga bango, a huda tagogi a ƙarƙashin baibaya. Kowane gyara shi ke haifar da na gaba. A wani lokaci kuma uwargida ta gaji da saniya na bi ta ƙofar da baƙi ke shiga, sai a fasa wa shanu tasu ƙofar, a gina bango tsakaninsu da lungu. Masu hali sukan ƙara zaure a bakin ƙofa, ko su fitar da sabon sashe a gefe, ko ɗakin ajiye madara a bayan gida inda rana ba ta bugawa.

Mutanen lokacin sun lura da abin da ke faruwa. Wani limamin coci mai suna William Harrison ya rubuta a 1577 cewa tsofaffin ƙauyensu a Essex suna lissafa yawaitar bututun hayaƙi cikin manyan abubuwan da suka sauya a rayuwarsu, domin a ƙuruciyarsu bai fi biyu ko uku ake gani a gari ba. Shi kansa bai gamsu da sauyin duka ba: a ganinsa hayaƙin da yana ƙarfafa katakon gida, yana kuma kare mutane daga mura. Kan katako dai yana da hujja, tunda ga shi muna gani. Masanin tarihi W. G. Hoskins, haifaffen Exeter ɗin da kake zaune, shi ne a 1953 ya sa wa wannan zamani suna babban sake gini, ya ce ya faru tsakanin 1570 da 1640. Waɗanda suka biyo bayansa sun nuna cewa lokacin ya bambanta daga yanki zuwa yanki, kuma a Devon abin ya fi kama da gyara a hankali fiye da rushewa a sake. Kuɗin aikin a Dartmoor daga ulu da shanu da kuza ya fito. Ashburton, da ke kusa da gidan da kuka je, na cikin garuruwan da a wancan zamani ake auna kuza a karɓi harajinta. Hukuma ma ba ta bar bututun ya wuce ta ba: daga 1662 zuwa 1689 an riƙa karɓar sule biyu a shekara kan kowane murhu, kuma rajistar wannan haraji na taimaka wa masu bincike su san murhu nawa gida ke da shi a lokacin.

Bango ya fi rufi wuyar karantawa, domin dutse ba ya nuna shekarunsa. Giranit ɗin da aka ɗora a 1350 da wanda aka ɗora a 1750 daga fili ɗaya aka tsinto su. Abin da ake dubawa shi ne mahaɗa. Magini in yana gina bango a lokaci guda yakan sarƙe duwatsu, kowane ya hau kan biyu, yadda Baba ke sarƙe tubali. In ka ga tsaga ta miƙe sak daga ƙasa zuwa sama ba sarƙewa, to bango biyu ne aka haɗa. Duba wane gefe ne ke da manyan duwatsun kusurwa: shi ne tsohon, nan ne gidan ya taɓa ƙarewa, ɗayan jingina shi aka yi. In ka ga dogon dutse a gicciye a tsakiyar bango ba ƙofa a ƙarƙashinsa, ƙofa ce aka toshe. In kaurin bango ya ragu farat ɗaya daga wani tsayi, nan tsohon rufi ya tsaya kafin a ɗaga.

Abu biyu na yaudarar baƙo. Na farko shekarar da aka sassaƙa a dutsen saman ƙofa. Sau da yawa shekarar zauren ce ko ta sabon sashe, gidan da ke bayanta ya girme ta da ƙarni biyu ko uku. Na biyu toshasshiyar taga. Za ka ji ana cewa harajin taga ne ya sa, wanda aka yi daga 1696 zuwa 1851. Ya faru a wasu gidaje, amma a gidan gona na karkara abin da ya fi yawa shi ne an gina wani abu a jikin tagar, ko an sauya amfanin ɗakin.

Duk wannan jeri yake bayarwa, ba shekara ba. Shekara daga katako take fitowa. Rufin irin waɗannan gidaje yana zaune ne kan tagwayen gungume masu lanƙwasa na itacen ok, mai tauri irin na ƙirya, waɗanda aka dasa gindinsu a cikin bango suka haɗu a ƙololuwa. A siffa za su tuna maka bakan gizo na soron Zariya, ko da yake aikinsu daban. Ba ƙusa a jikinsu, da turakun katako aka ɗinke su, kuma salon haɗin ƙololuwar ya sauya daga zamani zuwa zamani, don haka gwani na iya kimanta ƙarni daga gare shi. Inda katakon ya yarda, akan huda shi a zaro siririn sanda a ƙirga zoben shekarunsa. Shekarar albarka zobe mai faɗi, shekarar wahala siriri, sai a gwada jerin da na sauran itatuwan yankin da aka san shekarunsu. In ɓawon ƙarshe yana nan, ana iya faɗin shekarar da aka sare bishiyar, kuma da yake kafintocin da ɗanyen ok suke aiki da shi, ginin bai cika wuce shekara ɗaya ko biyu bayan saran ba. Sai dai a kula da katakon da aka ciro daga wani tsohon gini. Alamarsa huda ko gurbi da ba abin da ya shiga ciki.

Yanzu ga tambayarka ta ƙarshe, kuma a nan ina da ra'ayi mai ƙarfi. Kada a cire. A ce an fasa murhun, an sauke benen, an toshe tagogin. Me za a samu? Ba gidan ƙarni na 14 ba, domin ba wanda zai iya maido da ƙofarsa ta farko ko shamakinsa sai da zato. Za a rusa aikin gaske na maginan ƙarni na 16 da na 17 a musanya shi da ƙiyasin mutanen yau. Ingila ta sha wannan ɗacin a ƙarni na 19, lokacin da aka kankare tsofaffin coci-coci da sunan maido da asali, har William Morris da abokansa suka kafa ƙungiyar kare tsofaffin gine-gine a 1877 don tsayar da ɓarnar. Matsayinsu shi ne a gyara abin da ya lalace, a bar abin da zamani ya ƙara. Ban da haka, benen nan da kake ganin kutse ne, shi ya rufe baƙar baibayar ya tsare ta daga hannu da tsintsiya. Ƙarin ne ya adana asalin.

Kuma gyaran ne ya sa gidan ya rayu. Gidan da ya kasa karɓar bututu da bene, mutanensa barinsa suke yi. Abin da ya bambanta Higher Uppacott shi ne an sauya sashen mutane amma ba a taɓa mayar da ɗakin shanu wurin zama ba. A mafi yawan dogayen gidajen Dartmoor an daɗe da daɓe magudanar, an fasa manyan tagogi, ɗakin shanu ya koma madafi ko falo. Shi ya sa aka sa wannan gida a mataki na ɗaya na gine-ginen da doka ke karewa, kuma hukumar gandun Dartmoor ta saye shi a 1979.

Akwai ƙari guda da nake goyon bayan a cire duk inda aka same shi, shi ne siminti. Bangon waɗannan gidaje fuska biyu ne na dutse, da ɓaraguzai da ƙasa a tsakiya, kaurinsa ya haura rabin mita. Yana shan danshi, yana kuma fitar da shi ta mahaɗar duwatsu, muddin da ƙasa ko farar ƙasa aka cike su. Da aka shiga liƙe su da siminti a ƙarni na 20, ruwa ya riƙa shiga ta 'yar tsaga ya rasa mafita, sai ya kwanta a ciki ya ruɓar da gindin katakon da ke riƙe da rufi. Wannan ba sai na yi maka dogon bayani ba. Tambayi Baba abin da ke faruwa in aka shafe katangar tubali da siminti maimakon makuba ko laso: shekara kaɗan ta yi kyau, sannan ka ƙwanƙwasa ka ji ta zama ganga, wata damina kuma shafen ya ɓallo da ƙasar bayansa.

Kafin ka koma Higher Uppacott, ka fara zuwa kufan Hound Tor, ba shi da nisa da can. Ƙauye ne da aka watse daga cikinsa wajen ƙarshen ƙarni na 14 ko farkon na 15, bayan damina ta yi ta lalacewa kuma annobar 1348 ta rage mutane. An tone shi a shekarun 1960. Dogayen gidaje huɗu ne a wurin, da rumbuna masu wurin busar da hatsi, bangonsu bai wuce ƙugu ba yanzu. Ba wanda ya zauna ciki har zamanin bututu, don haka shimfiɗar farko na nan a buɗe: ƙofa na kallon ƙofa, sashen mutane a tudu, magudana a gangare. Ka auna ɗaya da taki, ka zana shi a takarda. Sannan ka shiga Higher Uppacott da takardar a hannu, ka tsaya a lungun shiga, ka nemi izinin jagora ka haska tocila sama.